Sawun Da Ya Tsaya A Bakin Layi

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza suke ɓoyewa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya sanya ta mai riƙe shaidar abin da aka aikata a bayanta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ya Allah ka daidaita mana harshe, ka tsare mu daga ɗora wa bawanka laifin da bai aikata ba.

Wata Juma'a da hantsi, cikin tsananin bazara, leburorin masana'antar fata ta Alhaji Abubakar da ke Challawa suka tsinci gawar Malam Ado a magudanar da take kwashe ruwan jima zuwa kogi. An fasa masa ƙeya. Malam Ado shi ne kocin Taurarin Majema, ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ma'aikatan wurin suka kafa tun suna bugawa ba takalmi bayan an tashi daga aiki. A hannunsa ta girma har ta shiga gasar ƙwararru. Daga nan Alhaji ya karɓe ta, aka dasa ciyawa, aka kewaye filin, aka fara yankar tikiti, kamfanoni suka liƙa sunayensu a rigunan yaran. Dillalan 'yan wasa kuwa suka riƙa zuwa suna duba ƙafafun samari kamar yadda 'yan kasuwa suke juya kirgi kafin su taya.

Kafin 'yan sanda su ɗauke gawar, jama'a sun riga sun yanke hukunci. Nura ne, in ji su, mai ci wa ƙungiyar ƙwallo. Jiya da yamma kowa ya ji shi yana ɗaga wa koci murya saboda ya hana a sayar da shi ƙasar waje, har koci ya ƙwace takalman ƙwallonsa ya rataye a ɗakin kaya, ya ce ya dakatar da shi. Ga kuma sawun waɗannan takalma daga ɗakin har bakin magudana. Da ƙyar Sufeto Sagir ya fitar da yaron daga hannun masu sanduna.

Sufeton ne ya aika a ɗauko Malam Uba, tsohon mai bin sawu na wani ƙauye a gefen kogi, wanda suka sha aiki tare a kan satar shanu. Malam Uba da mamacin tare suka yi karatun allo, kuma tun suna samari suke jayayya a kan ƙwallo, shi yana cewa bai ga dalilin da ƙarti za su bi fata ɗaya da gudu a garin da ake jeme dubbai ba. Yau ya iso da sandarsa, zuciyarsa tana son a ce yaron ne, domin a gama.

A bakin fili wani mutum cikin farar shadda ya tare shi da jajayen idanu. Alhaji Tijjani ne, tsohon kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda yanzu yake dillancin 'yan wasa daga ofishinsa na Bompai. Takalmi sau-ciki ne a ƙafarsa, ya take bayansa kamar mai gaggawar fitowa daga gida.

"Baba, ubanmu aka kashe," ya ce. "Amma a bi yaron nan a hankali, ƙuruciya ce."

"Allah ya jiƙansa," in ji Malam Uba. "A matsar mini da mutane baya."

Ya fara daga ƙofar ɗakin kaya. An shayar da filin jiya bayan atisaye, an kuma shata layuka da sabuwar farar ƙasa saboda wasan Asabar, don haka ƙasa ta riƙe komai. Tayar baron da aka ɗauki gawar a ciki ta nutse da nauyi, haƙoran takalmi suna biye da ita, sun ratsa tsakuwa da fasasshen kankare. A bakin layi ya durƙusa ya daɗe. Ƙafafun baron sun kafu a nan, alamar an ajiye shi. Mai turawar ya haɗa ƙafafunsa wuri ɗaya, ya tsallaka da dama, kuma a kan farar ƙasar akwai shafar yatsu biyu. A wancan gefen, inda ya fita zuwa magudana, bai tsaya ba. Amma da ya dawo da baro ba kaya zai sake shiga fili, ga tsayuwar nan, ga yatsun nan.

"Mutum da gawa a gabansa, magariba tana yi, me zai tsaya yi a nan?" in ji Malam Uba.

"Hutawa, wataƙila," in ji Sufeto.

"Da ya dawo ba kaya ma ya huta?"

Ya sa aka kife wuraren biyu da daro. A ɗakin kaya an wanke daɓe, takalman suna rataye a ƙusa. Haƙoransu sun goge, ɗaya ya karye, kuma a cikin na hagu, wajen dunduniya, jini ya bushe.

Bayan an sauko daga Juma'a aka yi jana'iza. A ƙofar masana'anta wata mace ta durƙusa a gaban Malam Uba. Saudat ce, mahaifiyar Nura, mai sayar wa leburori shinkafa da wake. Ranar ba wanda ya sayi abincinta.

"Malam, ku duba wa Allah. Bakinsa ne ba linzami, amma hannunsa bai taɓa dukan babba ba."

"Takalmansa ne suka je magudana, 'yata."

"Ta ina suka bi?"

"Ta kan tsakuwa."

Ta ɗago kai. "To ba shi ne a ciki ba. Takalman nan a wuya yake rataya su, ya tafi da silifa, sai ya taka ciyawa yake sawa. Duk yaranmu haka suke yi, kar haƙoran su cinye. Ƙanensa ya taɓa gwada su a tsakar gida, sai da na shiga tsakani. Ni ban taɓa samun gatan da takalman nan suke samu ba."

A ofishin 'yan sanda Malam Uba ya tarar da Nura a zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure. Ya ce ya miƙo ƙafafunsa. Ƙanana ne, dunduniyoyin lafiya lau.

"Ina ka je bayan faɗan?"

"Bakin kogi, Baba. Ni kaɗai."

"Me ya haɗa ku?"

"Alhaji Tijjani ya samo mini ƙungiya a waje. Koci ya ce in dai yana raye ba zan bi shi ba, bai kuma faɗi dalili ba. Na ce masa baƙin ciki yake yi mini don shi ya tsufa a cikin warin fata." Ya sunkuyar da kai. "Maganar ƙarshe da na yi masa ke nan."

"In za ka shiga fili, yaya kake yi?"

Yaron ya dube shi da mamaki. "Ɗingishi nake yi da ƙafa ɗaya, irin na 'yan talabijin."

A waje Sufeto ya ce, "Malam, na ji maganar tsakuwa, amma mai fushi ba ya tuna haƙoran takalmi. Jinin kuma zai iya zama na mamaci ya ɗiga ciki. Alhaji Abubakar yana ta bugo waya, wai masu talla za su janye in sunan ƙungiya ya daɗe a rediyo. Litinin zan kai yaron kotu, sai dai in kun kawo mini wani. Akwai ma mai kula da fili, Alhassan. Baronsa ne, makulli yana hannunsa, kuma tun safe ya ɓace."

Washegari Malam Uba ya bi Alhassan, ba da sawu ba, da tambaya. Mutumin Damagaram ne, kuma duk wanda yake son komawa can ba tare da an gan shi a tasha ba, wajen manyan motocin Dakata yake zuwa. A can ya same shi a inuwar wata tirela, ƙunshin kayansa a cinya.

"Badamagare da gudu," in ji Malam Uba yana zama kusa da shi. "Haka kakanninku suka koya muku?"

"Kakanninmu da suka zo Kano ku kuka rufe ƙofa, Baba," in ji Alhassan, amma bai yi dariya ba. "Ni baƙo ne. In an rasa wanda za a kama, ni za a kama."

Malam Uba ya dubi ƙafafunsa, faffaɗa ne kamar faranti, ko rabinsu ba zai shiga takalmin Nura ba.

"Wa ka bari a fili ranar Alhamis?"

"Koci, a ɗakin kaya. Ya ce in bar masa makulli, yana jiran baƙo. Na tafi masallaci."

"Wane baƙo?"

"Bai faɗa ba. Amma shi da Alhaji mai kamfani sun yi kwanaki ba sa ga maciji. Alhaji yana so ya kawo koci daga Legas, mai takarda."

"In na sa ka sake shata layin nan gobe, za ka dawo?"

"Za a kama ni?"

"Ina tsaye ba za a kama ka ba. In na faɗi kuwa, ka yi ta kanka."

Ya biya ta Sharada, inda Alhaji Abubakar yake da rumbun ajiyar fata. Alhajin bai ɓoye komai ba. Ya ce lallai ya yi niyyar sauya koci, domin ƙwallo yanzu kasuwa ce, Ado kuwa yana riƙe yara kamar 'ya'yan cikinsa, ba a sayarwa ba a saye. Amma ranar Alhamis tun azahar yana Kaduna wajen taron masu ƙungiyoyi, kuma direbansa da rabin garin sun shaida. Da Malam Uba ya ambaci Tijjani sai Alhajin ya yi tsaki.

"Shi ne ma ya fi kowa asara. Nura ne babbar hajarsa. Wa zai cinna wa shagonsa wuta?"

Da la'asar Malam Uba ya shiga gidan mamacin. Zaituna, matar Malam Ado, tana bayan labule cikin takaba, carbi a hannunta. Bayan gaisuwa ya tambaye ta ko wani abu ya dami maigidan a kwanakin nan.

"Waya ce, Malam. Wani yaro da aka fitar ƙasar waje bara ya kira shi yana kuka. Ashe babu ƙungiyar da aka ce. An ajiye shi da sauran yaran a wani ɗaki, an karɓe musu fasfo, yanzu kwasar kaya yake yi a tashar jirgin ruwa, abokinsa kuma ya rasu a can, ba wanda ya san inda aka binne shi. Iyayensu gona suka sayar. Tun ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. Ya ce bayan Juma'a zai tara iyayen yara ya faɗa musu, amma sai ya fara ba mutumin dama ya tuba, don shi ya rene shi."

"Ya faɗi sunansa?"

"Kun san halinsa. Ba ya kawo sunan mutum cikin gida."

Malam Uba ya fito. Dillalai da yawa suna shiga filin, kuma rabinsu Ado ne ya rene su. Zato yana da shi, amma zato ba ya fitar da yaro daga kurkuku, kuma shi ya tsufa da tsoron ranar da za a tambaye shi. Abin da ya sani shi ne abin da daji ya koya masa: kowace dabba tana da yadda take ƙetare rafi, ko ana korar ta ba ta sakewa. Bai san ma'anar yatsun nan ba, amma ya san mai su zai maimaita.

Ranar Lahadi da safe Alhassan ya shata sabon layi. Sufeto ya kira kowa da sunan za a yi wa mamaci addu'a a tsakiyar fili, inda aka shimfiɗa tabarmi. Aka kawo Nura da ankwa. Malam Uba ya zauna a kan kujera daga gefe kamar tsohon da ƙafa ta gaza, idonsa a kan layin.

Alhaji Abubakar ya taka layin ya wuce yana waya. Alhassan ya tsallake shi da faɗi, don kada ya ɓata aikinsa. 'Yan wasa suka shiga, wasu da ɗingishi, wasu suna ɗaga hannu sama. Dillalai biyu suka wuce suna hira. Sai Alhaji Tijjani ya iso, yana amsa gaisuwar wani dattijo. Bai ko dubi ƙasa ba. Ya haɗa ƙafafunsa, ya tattare shaddarsa, ya sunkuya ya shafi farar ƙasar da yatsu biyu, ya kai su ƙirji, ya tsallaka da dama.

Wani tsohon lebura ya yi murmushi. "Kyaftin har yanzu bai bari ba. Tun da ya karye a filin nan yake haka, wai kada ƙasa ta sake cin sa."

Aka yi addu'a aka shafa. Sannan Malam Uba ya miƙe ya ce jama'a su biyo shi. Ya buɗe daro na farko, ya bi da su wancan gefen ya buɗe na biyu, ya dawo da su inda Tijjani ya shiga yanzu. Bai yi dogon bayani ba. Ya nuna ƙafafun baro, ya nuna tsayuwar, ya nuna yatsun. 

"Mutane da yawa suna taɓa layi, Baba," in ji Tijjani, muryarsa a daidai. "Ku je kowane fili ku gani."

"Ban musa ba. Ni ban san ƙwallo ba, Ado ya yi ta fama da ni har ya gaji. Amma wanda ya sa takalmin yaron nan ƙafarsa ta fi takalmin, ya tura nauyi a kan tsakuwa har bayan takalmin ya yanke shi. Tun shekaranjiya nake ganin ka take bayan sau-cikinka. Cire na hagu."

"Ni za a tozarta a gaban yarana?"

"Cire, Alhaji," in ji Sufeto.

Da Tijjani ya zare ƙafar, auduga ce manne a dunduniya, jini ya huda ta. Zaituna ba ta nan, amma Malam Uba ya maimaita abin da ta faɗa masa, na yaron da yake kwasar kaya a tashar jirgin ruwa da abokinsa da aka binne ba a san inda ba. Wani mutum daga cikin taron ya zauna daɓas a ƙasa. Ɗansa ne ɗaya daga cikinsu, kuma Tijjani ne ya karɓi kuɗin gonarsa.

"Na roƙe shi," in ji Tijjani, yana duban ɗakin kaya. "Na ce ya ba ni wata shida in dawo da su. Ya ce ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Duk abin da na gina zai rushe da magana ɗaya. Ya juya zai fita, ƙarfen turken raga yana jingine a bango." Ya dubi ƙafarsa. "Shi ya saya mini takalmina na farko."

Nura ya matso, ankwa tana ƙara. "Alhaji, ni fa? Kun ce ni ne ɗanku. Kun ce da ni za ku yi alfahari."

Tijjani ya dube shi kamar yadda ake duban fatar da aka samu huda a tsakiyarta.

"Takalmanka ne a rataye, kuma kowa ya ji faɗanku. Yara masu ƙafa suna da yawa, Nura. Kowace unguwa akwai."

Masu sandunan ranar Juma'a suka yunƙura, amma Malam Uba ya gitta sandarsa a gabansu. "Shekaranjiya ma kun tabbata," ya ce. Suka tsaya. Sufeto ya cire ankwar daga hannun Nura ya mayar hannun Tijjani. Alhaji Abubakar kuwa ya koma gefe yana tambayar wani a waya ko za a iya buga wasan ranar Laraba.

Da aka watse, Saudat ta riƙe ɗanta tana kuka ba sauti. Nura ya zo ya tsuguna a gaban Malam Uba.

"Baba, ashe koci tare mini rami yake yi, ni kuma na zage shi. Wa zan roƙa gafara yanzu?"

"Wanda ya karɓe shi. Ka kuma je ka gai da matarsa, ba yau kaɗai ba."

Tsohon ya tsaya shi kaɗai a bakin layin. Tun suna samari Ado yake roƙonsa ya zo ya ga wasa ko sau ɗaya, yana ƙi. Sai ga shi ya shigo filin har sau biyu cikin kwana uku, babu mai yi masa dariya. Ya sa ƙafa ya shafe sawun yatsun, ya kama hanyar maƙabarta.

Allah ya jiƙan Malam Ado, ya yalwata kabarinsa, ya sanya kisan da aka yi masa kaffara a gare shi. Ya jiƙan yaron da aka binne a baƙuwar ƙasa babu danginsa a kansa, ya dawo da waɗanda suka rage gaban iyayensu. Mai karatu kuma, Allah ya tsare ka daga shaidar zato, ya hana neman duniya mayar maka da ɗan mutum haja, ya sa mu cika da imani. Amin.